Fataucin Ƙwai Da Katakon Da Ake Yin Akwatunansa: Bayani Ga Manoma Da 'Yan Kasuwar Madadi Da Kewaye

Gabatarwa

Kiwon kaji da zabi tsohuwar sana'a ce a yammacin Jihar Kano. A mazaɓar Madadi ta Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da maƙwabtanta irin su Getso da Kutama da Lakwaya, har zuwa Garo da Gude da Durun a Ƙaramar Hukumar Kabo, da wuya a shiga gida a rasa akurki. Mata da yara ne suka fi ɗawainiyar wannan kiwo, kuma da kuɗin ƙwai ake biyan ƙananan buƙatu da yawa na gida, tun daga gishiri da sabulu har zuwa kuɗin makarantar allo. A 'yan shekarun nan kuma an samu ƙaruwar masu kafa gidajen kajin zamani, waɗanda ke fitar da ƙwai kiret-kiret a kowace safiya.

Sai dai mun lura cewa akasarin bayanan da ake yi wa makiyaya suna tsayawa ne a kan abinci da allurar rigakafi. Ba a cika yin magana a kan abin da ke faruwa bayan kaza ta saka ƙwai ba, alhali a tsakanin akurki da hannun mai saye ne ake tafka asara mai yawa. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan mazubin ƙwai, musamman akwatin katako, da irin itacen da ya dace da shi, da dokokin da suka shafe shi idan za a tsallaka iyaka da kaya, da kuma abin da hakan ke nufi ga itatuwan da suka rage mana a gonaki.

Ina ƙwanmu yake zuwa?

Ya kamata mu fara da faɗin gaskiyar lamari. Duk da cewa Nijeriya tana sahun gaba a Afirka wajen samar da ƙwai, kusan dukkan abin da ake samarwa a cikin gida ake cinye shi. Ƙasashen da suka shahara da sayar da ƙwai a kasuwar duniya su ne irin su Holan da Poland da Turkiyya. Abin da ke fita daga wajenmu ciniki ne na maƙwabtaka, wato ƙwan gidajen gona da fatake ke shiga da shi kasuwannin Jamhuriyar Nijar, kamar Maraɗi da Damagaram.

Mai ƙwai a Madadi yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ta farko ita ce ta gabas, wadda ta ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado ta shiga birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Ta biyu ita ce ta yamma, daga Gwarzo zuwa Dayi a Jihar Katsina, daga nan a miƙa arewa zuwa birnin Katsina da Jibiya, a tsallaka zuwa Ɗan Isa, sannan Maraɗi. Kowace aka bi, sai ƙwai ya sha girgizar babur ko ta mota, ya sha lodi da saukewa sau da yawa, ga kuma zafin rana.

Ita kanta iyakar ba kullum take a buɗe ba. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019. An buɗe na Illela da Maigatari a watan Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A watan Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata. Mai fataucin gero ko wake yana iya ajiye kayansa ya jira a buɗe hanya, amma mai ƙwai ba shi da wannan damar. Haka aka gani a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, inda ƙwai ya yi kwantai a gidajen gona da yawa saboda masu saye ba su da kuɗi a hannu.

Halin ƙwai da abin da yake buƙata

Kafin a zaɓi mazubi, wajibi ne a san halin abin da za a zuba. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwan cikinsa ke fita a hankali, ta nan kuma iska da wari da ƙwayoyin cuta ke iya shiga. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwan da aka ajiye kusa da kalanzir ko albasa ko daddawa yakan ɗauki warinsu.

A kan ɓawon akwai wani siririn rufi da kaza ke sakowa da shi, wanda ke toshe waɗannan kafofi. Wanke ƙwai da ruwan sanyi yana cire rufin, yana kuma iya jan datti zuwa ciki. Abin da ya fi shi ne a tsabtace wurin da kaji ke saka ƙwai, a riƙa kwashewa sau biyu ko uku a rana, wanda ya ɗan ɓaci kuma a goge shi da busasshen ƙyalle.

Haka kuma, a gefen ƙwai mai faɗi akwai ɗan gurbin iska. Idan an jera ƙwai, gefen mai tsini shi ne zai kalli ƙasa, mai faɗin ya kalli sama, domin gwaiduwa ta zauna a tsakiya. Zafi yana tsinka farin ƙwai da sauri, shi ya sa ƙwan da zai yi makonni a lokacin hunturu yake lalacewa da wuri a watannin Maris da Afrilu da Mayu. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ƙayyade cewa wa'adin da ake rubutawa a jikin kwalin ƙwai kada ya wuce kwana 28 daga ranar da aka saka shi.

Ƙwan zabi, wanda ke yawaita da damina, ya fi na kaza kaurin ɓawo da jure wahalar hanya. Wannan ne ya sa tun da can ake iya ɗaukarsa a ƙwarya ko kwando da ƙaiƙayi ba tare da babbar asara ba. Ƙwan kajin zamani bai da wannan ƙarfin, don haka dabarar da ta yi wa ƙwan zabi aiki ba lallai ta yi masa ba.

Darasi daga tarihi

Matsalar akwatin ƙwai ba sabuwa ba ce a duniya. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ɓarke a 1914, Ingila tana sayen ƙwai mai ɗimbin yawa daga Rasha da Denmark, har ma daga Masar da Maroko a nan Afirka. A dogayen akwatunan katako ake ɗaukarsa, kowane babban akwati yana cin ƙwai 1,440, ana shimfiɗa ciyawa ko ɓarɓashin katako a tsakanin jeri da jeri. 'Yan kasuwar Ingila sun sha kokawa da ƙwan da ya iso a karye ko yana warin ruma, saboda an yi amfani da ɗanyen katako ko jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ƙasar Ailan, wadda ƙwai ke cikin manyan kayan da take sayarwa Ingila, sai da ta kafa doka a 1924 wadda ta wajabta yi wa masu fitar da ƙwai rajista, da tantance ƙwan, da amfani da akwatunan da hukuma ta amince da su. Sun fahimci cewa mugun akwati na mutum ɗaya yana ɓata sunan ƙwan ƙasa baki ɗaya.

A 1911 ne wani ɗan jarida mai suna Joseph Coyle, a yammacin ƙasar Kanada, ya ƙirƙiro kwalin da ke ba kowane ƙwai gurbinsa. Daga wannan tunani aka samu kiret ɗin takarda mai cin ƙwai 30 da muke amfani da shi a yau. Babban mazubin da aka saba da shi a cinikin duniya yana ɗaukar irin wannan kiret guda 12, wato ƙwai 360, nauyinsa kuma ya ɗan haura kilo 20.

A yau kwali da roba sun karɓe mafi yawan aikin, amma katako bai fita daga sana'ar ba. Da shi ake yin akwatin da ake ɗaurewa a bayan babur, da kantocin da ake kafawa a cikin mota, da katangar da ke tallafe jerin kiret don kada ya kife, da kuma dandamalin da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci da kwantena.

Lissafin asara

Bari mu kawo misali don a ga girman abin. A ce ɗan kasuwa ya yi lodin kiret 300, wato ƙwai 9,000. Idan ƙwai biyu kacal suka fashe a kowane kiret, ya yi asarar ƙwai 600, daidai da kiret 20. Ban da wannan, ƙwan da ya fashe yana ɓata na ƙasansa, yana jiƙa kiret ɗin takarda har ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyi, yana kuma kiran ƙuda. Idan aka tuna cewa abincin kaji shi kaɗai yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin samar da ƙwai, kuma ribar da ke kan kowane kiret ba ta da yawa, za a ga cewa asarar kiret 20 tana iya tafiya da ribar tafiyar gaba ɗaya. Kuɗin da aka ba kafinta ya yi akwati mai kyau bai kai asarar tafiya biyu ko uku ba.

Irin katakon da ya dace

Ba kowane katako ne ya dace da ƙwai ba. Ga sharuɗɗan da ya kamata mai saye da kafinta su kiyaye:

Na farko, katakon ya zama busasshe sarai. Ɗanyen katako yana fitar da danshi, danshin yana jawo fumfuna, ita kuma tana shiga ƙwai ta kafofin ɓawo. Bayan haka, idan ya bushe daga baya yakan lanƙwashe, ƙusoshi su yi sako-sako.

Na biyu, ya zama marar wari. Itacen turare da darbejiya suna da amfani wajen rufi da turaku da makamashi, amma suna da ƙamshi ko wari mai ƙarfi, musamman idan ba su gama bushewa ba, don haka ba su dace da cikin akwatin ƙwai ba. Haka nan kada a yi amfani da katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, ko wanda aka taɓa ɗaukar taki ko maganin feshi a cikinsa.

Na uku, ya zama marar nauyi amma mai riƙe ƙusa ba tare da ya tsage ba. Fararen katakai irin su obeche da afara, waɗanda ake kawowa daga dazuzzukan kudancin ƙasar nan zuwa kasuwannin 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano, sun cika wannan sharaɗi. Haka ma malaina, wadda ake shukawa kuma take girma da sauri. Yin akwatin ƙwai da maɗaci ko madobiya ɓarna ce kawai, ga nauyi ga tsada.

Na huɗu, a kankare ɓawon itacen gaba ɗaya, a kuma guji katakon da ke da ƙananan ramuka ko yake zubar da gari, domin alama ce ta cewa ƙwari na ci a ciki.

Wajen ƙirar kuwa, a auna akwatin daidai da faɗin kiret yadda ba zai yi motsi ba, a bar 'yan tsagogi a gefe don iska ta ratsa, a tabbatar bakin ƙusa bai leƙo ciki ba, a kuma yi masa mariƙi ta ɓangarori biyu. A ɗora kiret marar ƙwai a sama da ƙasan kowane jeri kafin a ɗaure. Tafiyar asuba ko ta yamma ta fi ta tsakar rana.

Dokar katako a cinikin ƙasa da ƙasa

Wanda ke da burin kai kaya wata ƙasa ta hanyar hukuma, ya sani cewa ba ƙwan kaɗai ake dubawa ba, har da katakon da ya ɗauko shi. Dalili kuwa shi ne ƙwarin da ke ɓuya a cikin itace. A 1996 an gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya mai huda itace a birnin New York na Amurka, a 1998 kuma aka gan shi a Chicago. Masana sun danganta shigarsa da katakon akwatunan kaya daga ƙasar Sin, kuma sai da aka sare dubban itatuwa kafin a shawo kansa a waɗannan wurare.

Saboda irin wannan ne ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15 a shekarar 2002. Ƙa'idar ta tanadi cewa katakon da aka yi akwati ko dandamalin kaya da shi sai an kankare masa ɓawo, sannan a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na ma'aunin Salshiyos na tsawon aƙalla minti 30, ko kuma a turara shi da maganin da aka amince da shi. Bayan haka a buga masa hatimi mai ɗauke da alamar ƙasa, wadda ta Nijeriya ita ce NG, da lambar wanda ya yi aikin, da haruffan da ke nuna irin aikin, misali HT idan gashi aka yi. Kwali da falankin da aka sarrafa a masana'anta da gam da zafi, da katakon da kaurinsa bai wuce milimita 6 ba, ba su shiga cikin wannan sharaɗi. Ƙa'idar ba ta shafi kayan da ke yawo a cikin gida ba, kamar daga Gwarzo zuwa Kano.

A Nijeriya, hukumar da ke kula da wannan fanni ita ce Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa, wato NAQS, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2018. Bugu da ƙari, mai fitar da kaya yana buƙatar rajistar kamfani, da takardar shaida daga Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, wato NEPC, wadda aka kafa a 1976, da cike takardar NXP ta hannun bankinsa, da takardar likitan dabbobi da ke tabbatar da lafiyar kajin da suka saka ƙwan, da kuma izinin ƙasar da za a kai kayan. Ga manyan kaya da ke tafiya a kwantena, akwai tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023.

Mazubi da yaɗuwar cuta

Akwai wani haɗari da ya fi fashewar ƙwai girma. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Cikin ɗan lokaci aka same ta a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare kuma aka tabbatar da ita a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. An hallaka kaji masu yawan gaske, diyyar farko da aka sanar kuwa Naira 250 ce a kan kowace kaza. Cutar ta sake dawowa Kano a watan Janairun 2015, haka kuma a 2021.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da cutar ke bi daga gona zuwa gona shi ne kayan aiki, wato kiret da akwati da tayar mota da takalmin dillali, waɗanda kashin kaji ko ruwan fasasshen ƙwai ya taɓa. Kiret ɗin takarda ba ya wankuwa, katako kuma yana shan ruwa, don haka tsabtace shi yana da wuya. Shawarar likitocin dabbobi ita ce kada a bar tsohon kiret da ya zaga kasuwa ya shiga ɗakin kaji. A ware wuri a bakin ƙofar gona inda za a riƙa miƙa wa mai saye ƙwai. Wanda ke da hali ya yi amfani da kiret ɗin roba a cikin gona, tunda ana iya wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwatin katako kuwa a kankare shi, a wanke, a shanya a rana ya bushe kafin a sake lodi. Wanda ya ga kajinsa na mutuwa da yawa ba zato, ya gaggauta sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarsa, kada ya kwashe su zuwa kasuwa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ita ce ke tabbatar da irin cutar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Itatuwanmu

Tambayar da ta rage ita ce daga ina katakon zai fito. Ƙasarmu ba ƙasar kurmi ba ce. Itatuwan da ke tsaye a gonakin Madadi da kewaye, irin su gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da kanya, kakanni ne suka bar su da gangan saboda amfaninsu. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, kaɗanya tana ba da man kaɗe. Itacen da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya girma, bai kamata a kayar da shi don akwatin da zai yi shekara biyu ko uku ya lalace ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ƙasa marar itace take zama.

Mun kuma ga abin da ya sami madobiya a Jihar Taraba da maƙwabtanta, inda aka yi ta sararta ana kai wa ƙasar Sin, har sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. An daɗe da sanya ɗanyen katako cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa daga ƙasar nan.

Mafita ita ce a shuka abin da za a sara. Manomi yana iya keɓe gefen gonarsa ko bakin fadama ya dasa malaina, ya kare ta daga awaki a shekarun farko, kuma idan an sare ta takan sake tohowa daga kututture. Jihar Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Mai neman dashe ko shawara ya tuntuɓi jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarsa ko malaman gona na hukumar KNARDA. Haka kuma kafin a sare kowane babban itace, a nemi izinin hukuma.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga masu kiwon kaji da dillalan ƙwai na Madadi da sauran sassan Gwarzo da Kabo da su haɗa kai su kafa ƙungiyoyin gama kai. Abin da ya gagari mai kiret goma, kamar sayen kiret ɗin roba da yawa, ko ɗaukar hayar mota mai kanta, ko neman takardun fitar da kaya, ba zai gagari mutum talatin da suka haɗa hannu ba. Muna kira ga kafintoci da su riƙa gaya wa masu ba su aiki gaskiya game da irin katakon da suka yi amfani da shi. Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su ci gaba da faɗakar da jama'a a kan kai rahoton mutuwar kaji da kuma kare itatuwan gona.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya kare mana dukiyoyinmu daga annoba, amin.